Akwatin Haure Mai Jin Ƙishirwa

Da sunan Allah wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ba giwa haure, ya ba ɗan Adam yatsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban talikai. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Jatau maharbi, mutumin Tabkin Shuni, can kudu inda ciyawa kan shanye doki da mahayinsa. Na yi tafiya a tudu, na yi a ruwa, na ga abubuwan da in na faɗa za a ce tsufa ya fara taɓa ni. Amma yau labari ɗaya zan bayar, na akwatin hauren da na kai Birnin Jan Dutse, da abin da kai shi ya ci mini.

Ubana giwa yake harbi, saboda haka na san haure tun kafin in san karatu. A garinmu ko mace mai daka ta san haure ba dutse ba ne. Yana shan laima, yana jin ƙishirwa. In ka bar shi a rana mai zafi ya bushe da gaggawa, sai ka ji ya yi ƙas, ya tsage tun daga ciki. Don haka da an ciro shi mukan shafe shi da man kaɗe, mu naɗe shi a ɗanyar fata, mu ajiye shi a rami mai inuwa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba, kamar yadda mutum ba ya ɗaukar sanin hanyar rijiya a matsayin ilimi.

Wata shekara wani bafatake ya sauka gidanmu, ya fito da 'yar batta ta haure don ya ɗebi turare. Na karɓa na duba, sai ga barewa a jikinta ta ɗaga ƙafa ɗaya, kunnenta a miƙe, kai ka ce motsina ta ji. Wallahi na ji kunya. Mun yi shekaru muna kashe giwa muna sayar da haurenta kamar itacen girki, ashe ga abin da ke kwance a ciki. Na tambaye shi inda ake wannan aiki, ya ce Marjana, tsibirin da ke bayan teku. Kaka na yi na ɗauki sandata.

Shekara uku na yi a hanya. Na ƙetare kogin da ke gudu gabas da safe, ya juyo yamma da la'asar, inda masu fito ke jira ruwan ya tsaya ya yi shawara sannan su tura kwalekwale. Na ratsa dajin da ganyensa ke nuna wa mutum fuskarsa ta tsufa, na ga tawa, ban ji daɗinta ba, ga shi kuwa ba ta yi ƙarya ba. A bakin teku wasu mutane suka kama ni za su sayar, na kwana biyu ina tari ina soshe-soshe kamar mai ƙazwa, har suka biya wani mai jirgi ya ɗauke musu ni. Jirgin kuwa Marjana za shi.

Marjana gari ne na laima. Gishiri ba ya zama gari a can, riga ba ta bushewa sarai, bango kullum kamar yana gumi. Na isa da zazzaɓi na gaske, na faɗi a ƙofar wani gida a unguwar masassaƙa. Mai gidan shi ne Malam Zuhairu, babban gwanin haure na tsibirin, dogon tsoho mai ƙarancin magana. Bai san ni ba, bai san asalina ba, amma wata guda yana ba ni kunu a baki da hannunsa. Da na warke na ce masa aiki na zo koyo. Ya dubi hannuwana ya ce, "Waɗannan na jan baka ne. To, za mu gani." Shekara goma sha biyu na yi a gabansa, uku na farko ban wuce zarto da magagari ba. Iyakar yabonsa shi ne ya ce ba laifi, kuma sau huɗu na ji ta a bakinsa. Ina ƙaunar tsohon nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Mutanen Marjana suna da wata al'ada da suke kira shanya. Saboda laima, haurensu kan yi funfuna ya koma rawaya, don haka kullum da hantsi sai a hau da akwatuna kan soro a jera su a rana. Ranarsu mai taushi ce, tana zuwa ta cikin tururin teku, ba ta yi wa haure komai sai ƙara masa fari. Kaka da kakanni ba wanda ya taɓa ganin haure ya tsage a garin. Ran da na ba su labarin ƙas ɗin nan na garinmu, dariya suka yi har da riƙe ciki, suka ce giwayen kudu ne ba su da ƙwari.

A cikin shekarun nan Malam ya yi bakwai yana sassaƙa akwati guda. Tsawonsa kamu ɗaya, yana tsaye kan 'yan ƙafafu huɗu na azurfa, ɗauri biyu na azurfa sun riƙe murfinsa ta baya. A jikinsa akwai maharbi da shaho a hannu, da mai garaya a gindin dabino, da ɗawisu biyu sun sarƙe wuya, duk a cikin ganyen inabi da aka huda har haske na ratsawa. A gefen murfi rubutu ya zagaya yana roƙa wa mai shi albarka da ni'ima da tsawon rai. Don miski da ambar na Sarkin Marjana aka yi shi. Amma Malam yakan ce irin waɗannan akwatuna ba sa zama inda aka nufe su. Wanda kakansa ya yi wa wata sarauniya, an kwashe shi ganima a yaƙi, ya bi hannun 'yan kasuwa, har aka ji yana wani ɗakin ibada na Nasara can arewa, an zuba ƙasusuwan wani waliyyinsu a ciki. "Masu shi suna wucewa," in ji shi, "namu dai mu yi shi ya daɗe."

Da ya gama sai ya tafi aikin Hajji don godiya. Wata biyar da tafiyarsa wasiƙa ta zo daga Sarki Hanzala na Jan Dutse, birnin da ke tsakiyar hamada. Ya tare ayarin alhazai, ya riƙe Malam. Labarin akwatin ne ya kai masa. Ya ce a kawo masa shi kafin tsayuwar watan Rajab a karɓi wanda ya sassaƙa shi. Ya ƙara da cewa a ƙasarsa wanda ya ba sarki abu tsagagge, fata yake yi gidan sarki ya tsage, kuma in aka sami tsaga ko kamar silin gashi a jikin akwatin, kan tsohon ne zai biya.

Sarkin Marjana ya yarda, Allah ya saka masa. Ya naɗa jakada, wani dattijo mai suna Labidu, mutum mai tsafta da son girma, wanda bai taɓa kwana a wajen tsibirin ba. Aka sa akwatin a cikin babban sanduƙi mai ruwan zinariya. Ni kuwa na roƙa a tafi da ni a matsayin mai goge shi. Na cusa tulun man kaɗe a kayana, da samfurin akwatin, domin Malam ba ya taɓa haure sai ya fara fitar da aikin duka a farin itace.

Muka haye teku, muka ɗauki raƙuma da jagora, wata tsohuwa mai suna Inna Tahira, siririya kamar kara, wadda aka ce ta san kowace rijiya da sunanta. Kwana arba'in ne tsakaninmu da Jan Dutse, Rajab kuma saura kwana arba'in da biyu.

A zango na uku da hantsi, na dawo daga ɗaure raƙuma, sai na tarar an buɗe sanduƙi, an ɗora akwatin a kan darduma a tsakiyar rana, an yafa masa wani siririn alharini don ƙuda. Na durƙusa gaban jakada na ce, "Ranka ya daɗe, wannan rana ba irin ta gida ba ce. Za ta fasa shi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan maharbi, kai za ka koya wa Marjana riƙon haure? So kake in kai wa Hanzala abu rawaya kamar haƙorin mai cin goro, a ce sarkinmu bai san kyauta ba?"

"Ranka ya daɗe, gara rawaya da tsagagge."

"Tun kafin a haifi kakanka muke shanya. Tashi ka ba ni wuri."

Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Abin da ya tashi ya ga ana yi shi yake yi, kuma don girman ubangidansa. Amma kullum hantsi sai an fitar da akwatin, ni kuwa in zauna nesa ina kasa kunne. Ran kwana na shida ƙotar wuƙarsa, wadda ita ma ta haure ce, ta yi ƙas a ƙugunsa muna zaune, ta tsage gida biyu. Na ce to, yau dai ya gani. Sai ya juya ta a hannu ya ce kambun baka ne na mutanen hamada, ya sa aka yi mata tofi.

Ranar na daina roƙo. Da azahar, jama'a sun kwanta ƙailula a inuwar kaya, na shiga tantin ajiya da sunan goge akwati. Na shafe samfurin itacen da farar ƙasa, na liƙa masa 'yan guntayen kwano inda azurfa take, na sa shi a sanduƙi na lulluɓe da alharinin. Na gaskiyar kuwa na shafe shi da man kaɗe, na naɗe shi a zane mai laima, na cusa a ɗanyar fatar akuyar da aka yanka da safe, na rataya a raƙumina tare da tukwane. Jakada bai cika matsowa kusa ba, idonsa ma ya fara rauni. Kwana goma sha tara yana shanya itace, yana yaba yadda yake ƙara fari.

Inna Tahira ce kaɗai ta gane. Ta matso da raƙuminta kusa da nawa ta shinshina, ta ce, "Ɗan nan, tun da nake ban taɓa ganin mai ba fatar akuya ruwa safe da yamma ba." Na ce, "Inna, ki rufa mini asiri, ran mutum ne a ciki." Ta tofar da yawu gefe, ta ce ita hanya aka ɗauke ta ta nuna.

A kwana na ashirin da biyar mahara suka faɗo mana daga bayan wani tudu, rana tsaka, su kusan sittin, fuskokinsu a rufe. Ƙyallin sanduƙin nan suka hango tun daga nesa. Suka sari jakada a kafaɗa yana rungume da shi, suka ɗauke, suka bi kayanmu ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙato ya zo kan raƙumina ya zura hannu ya ciro ƙunshin fatar. Kwana goma sha tara fatar nan tana rana tana shan mai, warinta ya isa ya kori kura. Ya tambaye ni mene ne. Na ce maganin kuturta ne na kai wa yayana, in yana so in kwance ya gani. Ya jefar da shi kan rairayi, ya yi ta goge hannunsa a jikin raƙumi yana zagina. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da suka tafi na kwance fatar a gaban jakada. Ya dubi akwatin, ya dube ni, hawaye suka zubo masa. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Rauninsa ba zai bar shi ya ci gaba ba, raƙuman da aka bar mana kuma ba su isa kowa ba. Ya ba ni wasiƙar sarki da zobensa, ya juya da sauran jama'a. Muka rage ni da Inna Tahira, da raƙuma biyu, da salka uku.

Ta ce hanyar rijiyoyi ta yi mana nisa yanzu, ba za mu riski Rajab ba sai ta Kwarin Ƙishi. Kwana shida ne ba ɗigon ruwa. A kwarin nan akwai wata iska mai shan ruwa daga cikin salka tana ɗaure. Mun wuce wani ayari da ya bushe a tsaye tun zamanin da, raƙuma da mutane da kayansu, duk sun zama gishiri, wani ma hannunsa na kan akala. Duwatsun wurin in rana ta take sai su riƙa kuka kamar ana kaɗa ƙararrawa. Ni duk wannan bai dame ni ba kamar zanen da ke cikin fatar, wanda nakan jiƙa da safe in tarar ya bushe ƙayau kafin azahar.

Rabonmu moɗa uku-uku ne a yini. Na riƙa shan ɗaya ina ba zanen biyu. Ran kwana na huɗu harshena ya kumbura, na fara ganin Tabkin Shuni a gabana da shanu suna sha. Inna Tahira ta kama ni ina tsiyaya rabona a kan fatar, ta fizge moɗar.

"Kai wane irin mahaukaci ne? In ka mutu, uban wa zai kai shi?"

Na ce da ƙyar, "Inna, in ya tsage, da zuwana da rashinsa duk ɗaya ne."

"Ubanka ne tsohon?"

"Shi ya ba ni kunu a baki."

Ta dube ni. Sannan ta ɗura mini rabin moɗar a baki da ƙarfi, kamar ana ba ɗan akuya magani, ta zuba sauran a zanen, ta ƙara da rabin nata tana ta mita. Haka muka yi har muka fita kwarin, raƙumi ɗaya ya mutu, ɗayan muna hawansa bi da bi.

Muka shiga Jan Dutse saura kwana ɗaya wata ya tsaya. Birni ne da aka fafe a jikin dutse ja, ba itace ko ɗaya sai a gidan sarki. Aka ba mu ruwa da masauki. Na kwance akwatin a ɗaki mai duhu, na goge man, na bi shi da yatsa lungu-lungu. Lafiyarsa ƙalau. Na yi sujada, na ɗauka wahala ta ƙare.

Washegari aka kai ni fada. Sarki Hanzala gajere ne mai sanyin murya, irin mutanen da ba sa buƙatar ɗaga ta. A gefe guda ga Malam Zuhairu zaune a kan buzu, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, hauni tsaye a bayansa da takobi. Na faɗi na yi gaisuwa, na miƙa wasiƙa, na buɗe akwatin. Sarki ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "A kai shi Dutsen Shaida."

Na tambayi na kusa da ni mene ne Dutsen Shaida. Ya nuna mini wani faffaɗan dutse a tsakar fada, rana na dukansa. Wai a zamanin kakan sarki wasu baƙi sun kawo kambi na duwatsu masu daraja, ashe da kakin zuma aka liƙa su, ya narke a kan sarki ranar idi. Tun daga nan duk kyautar da aka kawo sai ta zauna a dutsen nan daga azahar zuwa la'asar, don rana ta tona abin da ke cikinta.

Na sake faɗuwa. "Allah ya ja zamanin sarki, wannan haure ne. Na kawo shi lafiya, kowa ya gani. In ya yini a ranar nan zai tsage, ba don mugun nufi ba, ƙishirwa ce kawai."

"Kowane mai kyauta da abin da yake faɗa in an zo nan," in ji sarki. "Doka ba ta san haure ba."

Na juya wajen alƙalin fada na ce, "Allah gafarta malam, me dokar ta hana?" Ya ce ta hana a taɓa kyauta da hannu, ta hana a rufe ta da tufa ko rumfa. Na ce, "Ta hana mutum ya tsaya kusa da ita?" Ya shafa gemu, ya dubi sarki, ya ce bai taɓa jin an hana tsayuwa ba. Sarki ya yi ɗan murmushi, na ga abin ya ba shi sha'awa kamar yadda faɗan zakaru kan ba mutane sha'awa. Ya ce, "Tsaya. Amma ka tuɓe riga, don ita tufa ce. In ka faɗi, ko jikinka ya taɓa shi, kai biyu hauni zai sara."

Aka yi sallar azahar, aka ɗora akwatin. Na tuɓe, na raba ƙafafu, na sunkuya a kansa kamar mai ruku'u, na ba rana bayana. Dutsen ya ci tafin ƙafata tun kafin in gama gyara tsayuwa. Abin da ya ɗan kwantar mini da rai shi ne 'yan ƙafafun azurfan nan sun ɗaga shi daga dutsen. Gumi ya fara zuba, na tuna ɗigon ruwa a kan haure mai zafi shi ma ɓarna ne, sai na karkatar da fuska yana sauka gefe. Rana tana matsawa, inuwata na zamewa, ina binta da ɗan taku kaɗan-kaɗan. Bayana ya fara ƙuna, daga nan ya daina, na san fata ta tashi. Cinyoyina suka kama rawa. Mutanen gari sun cika soraye suna kallo, na ji wasu na musu ko zan kai. Can na jiyo muryar Inna Tahira daga bakin ƙofa tana cewa, "Ɗan nan, ka ƙetare Kwarin Ƙishi, kada ka ba ni kunya a kan wannan ɗan dutse!"

Ban san iyakar lokacin da ya wuce ba. Idona ya yi duhu ya washe ya fi sau goma. Na hangi ladan ya nufi matakalar hasumiya, yana hawa a hankali kamar ba shi da abin yi a duniya. Yana tsakiyar hawa na ji ta. Ƙas. 'Yar ƙara ce, ba ta kai ta karyewar tsinke ba, a ƙarƙashin ƙirjina. Ba wanda ya ji sai ni. Na ɗaga ido na dubi Malam. Shi bai taɓa jin wannan ƙara ba a rayuwarsa, amma ya ga fuskata, sai ya runtse ido. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na mahara da na kwari a haɗe.

Aka kira la'asar. Dogarai suka ɗauke akwatin zuwa inuwa, ni kuwa na zube. Aka yayyafa mini ruwa aka jingina ni da ginshiƙi don in ga hukunci. Ma'ajin fada ya fito da silin wutsiyar doki, ya riƙe shi da hannu biyu, ya riƙa jansa a kan akwatin, don in akwai tsaga silin zai maƙale. Ya bi murfi, ya bi gaba, ya bi ɗawisu da dabino. Ya juya shi ya bi baya, ya zo daidai ɗaurin azurfa na hagu, ya tsallake shi ya ci gaba. Ya buɗe ya leƙa ciki. Ni dai ina kallon hannun hauni. Daga ƙarshe ma'aji ya miƙe ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba aibu."

Sarki ya sa aka miƙa wa Malam akwatin ya shaida aikinsa ne. Tsohon ya karɓa, ya shafa shi, ya ɗan ƙwanƙwasa murfin da farce nan da can, yadda masassaƙa kan yi ba tare da sun sani ba. Lafiyayyen haure yana amsawa da zaƙi. A wuri ɗaya na ga farcensa ya tsaya, sannan ya wuce. Ya ce, "Aikina ne." Sarki ya ɗaga hannu, hauni ya mai da takobi kube. Na rufe fuska na yi ta kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Sai sarki ya ce, "Tsoho ya tafi, a ba shi raƙumi da guzuri da 'yan rakiya. Amma abin da ya nemi inuwar mutum yau, gobe ma zai nema. Wannan baƙo zai zauna ya riƙa kula mini da shi. Ran da ya tsage, ya san doka."

Malam ya rarrafa gaban sarki, tsoho da shi, ya ce a riƙe shi a sake ni, shi ya kusa kabari, ni kuwa ko aure ban yi ba. Sarki ya ce, "Kai ka iya yi, shi ya iya riƙo. Abin da ka iya na riga na samu."

Da safe na raka shi ƙofar gari, bayana a lulluɓe da ganyen magani. Inna Tahira ce za ta ja su, ta hanyar rijiyoyi wannan karon. Malam ya rungume ni a hankali don kada ya fama mini ƙuna, ya sa bakinsa a kunnena.

"Ɗaurin hagu, ɗana. A ƙarƙashinsa take, ta kai tsawon ƙwayar shinkafa. Faɗin azurfar yatsa biyu ne. Kada ka bar kowa ya cire ta da sunan wanki, kada ka bar tsagar ta yi tafiya."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya riƙe fuskata da hannuwan nan nasa. Aka ɗora shi a raƙumi. Na tsaya har suka shige bayan dutse, ban ƙara ganinsa ba.

Nan zan tsaya, ya ku masu saurare, domin shekaru goma sha tara da na yi a ɗakin ajiyar Hanzala ba su da labari. Kowace safiya iri ɗaya ce: in rufe taga, in jiƙa zane, in shafa mai, in ƙwanƙwasa murfi da farce in ji ko ta matsa. Wanda ya ji wannan hikaya ya sa Malam Zuhairu a addu'a. A shekara ta goma sha ɗaya fatake suka kawo mini labarin ya rasu a Marjana, a kan shimfiɗarsa, da kansa a wuyansa, jikokinsa kewaye da shi. Na yi kuka har na ƙoshi, na gode wa Allah. Sannan na wanke fuska na tashi na je na jiƙa zane, don tsagar ba ta san an yi rasuwa ba.